Waya, faranti ko madubin hangen nesa: ta ina mai sha'awar neman halittu masu hankali a sararin samaniya zai fara?

A ranar 31 ga Maris, 2020, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta daina rarraba aiki ga kwamfutocin jama'a a ƙarƙashin shirin SETI@home (SETI gajeren suna ne na neman halittu masu hankali a wajen duniyarmu), kuma da wannan aka rufe ƙofa mafi sauƙi da mutumin da ba masanin taurari ba ya taɓa samu ta shiga neman halittu masu hankali a wasu duniyoyi. Tun daga watan Mayun 1999 da aka buɗe shirin, mutane fiye da miliyan 5 sun sauke manhajarsa, suna barin kwamfutocinsu su tace bayanan da katafaren farantin Arecibo na Puerto Rico, wato eriyar sauraron sama mai siffar dish, mai faɗin mita 305, ya naɗo daga sama. Shirin bai nemi ilimi daga kowa ba, bai kuma nemi kuɗi ba in ban da na wuta da na intanet. Shi kansa farantin ya rufta a watan Disambar 2020. Saboda haka wanda wannan sha'awa ta kama a yau dole ne ya zaɓi hanya da kansa, kuma hanyoyin da ke gabansa uku ne: ya yi aiki a kan bayanan da manyan cibiyoyi suka tara ta wayarsa ko kwamfutarsa, ko ya haɗa ƙaramin farantin sauraro a tsakar gidansa, ko kuma ya sayi madubin hangen nesa ya riƙa bibiyar duniyoyin da ke kewaya wasu taurari.

Kuɗi ne abin da ake fara tambaya, amma ba shi ya kamata ya raba gardama ba. Kafin a auna hanyoyin, sai an san abin da ake nema da kuma abin da ke hana a same shi, domin a nan ne bambancinsu yake.

A shekarar 1959 masana kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta biyu, Giuseppe Cocconi da Philip Morrison, suka wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar Nature, inda suka ce idan akwai wata al'umma mai fasaha da ke son a ji ta, to wurin da ya fi dacewa a kasa kunne shi ne kusa da megahaz 1420, zangon da iskar haidurojin ke fitar da amonta. Wanda ya saba kama tashoshin gajeren zango a kan mita 16 ko mita 25 ya riga ya san ma'aunin. Wannan zangon tsawonsa santimita 21 ne kacal. Dalilinsu shi ne haidurojin ya fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya, don haka duk wanda ya kai matsayin nazarin sama da rediyo zai san da shi. A 1960 Frank Drake ya gwada shawarar a Green Bank da ke jihar West Virginia ta Amurka, ya juya faranti mai faɗin mita 26 zuwa taurari biyu na kusa, Tau Ceti da Epsilon Eridani, bai kuwa ji komai ba. Abin da ake nema tun daga lokacin bai sauya sosai ba: sigina siririya ƙwarai, wadda ƙarfinta ya taru a ɗan tsukin zango, domin taurari da gizagizan iska suna watsa ƙarfinsu ne a faɗi, na'ura ce ke iya matse shi wuri guda. Wannan nema ba shi da wata alaƙa da bidiyoyin fitilu masu yawo a sama da ake yaɗawa a Facebook da TikTok, kuma wanda waɗannan ne suka ja hankalinsa zai gaji da wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne, siririyar sigina ba abin wahalar samu ba ce. Duniyarmu cike take da ita. Wayoyin hannu, turakun sadarwa, jiragen sama, taurarin ɗan'adam, har da agogon da ke cikin kowace kwamfuta, duk suna fitar da irin abin da ake nema. A cibiyar Parkes ta Ostareliya an shafe shekaru ana ganin wasu gajerun sigina masu ban mamaki a kusa da wannan zango, sai a 2015 aka gano cewa na'urar ɗumama abinci ta ma'aikata ce ke fitar da su idan aka buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. A wannan cibiya dai aka naɗi siginar da aka sa wa suna BLC1 a 2019, a kan megahaz 982, lokacin da farantin ke fuskantar Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana. Ta tsallake gwaje-gwajen farko duka, labarinta ya fita a ƙarshen 2020, amma a 2021 masu binciken suka tabbatar da cewa daga kayan lantarki na nan ƙasa ta fito. Kuma ko abin ya fito daga sama, ba lallai ne hannun wani ya yi shi ba: a 1967 Jocelyn Bell ta ga sigina mai bugawa duk daƙiƙa ɗaya da sulusi a Cambridge, har aka yi mata laƙabi da wasa cewa ta wasu halittu ce, daga baya ta tabbata sabon nau'in tauraro ne mai juyawa da sauri. Don haka mafi yawan aikin wannan fage tacewa ce, kuma ma'aunin da zan ɗora hanyoyin uku a kai shi ne: wacce ce ke sa hannun mutum cikin tacewar gaskiya, wacce ce kuma ke koya masa ita?

Aiki a kan bayanan manyan cibiyoyi

Mataki mafi sauƙi a wannan hanya yana kan dandalin Zooniverse, inda masana ke ɗora bayanansu domin 'yan sa-kai su taya su rarrabewa. A watan Fabrairun 2023 ƙungiyar Jean-Luc Margot ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta buɗe wani shiri a can mai amfani da bayanan farantin Green Bank na yanzu, wanda faɗinsa ya kai mita 100. Kwamfutocinsu suna zubar da fiye da kashi 99 cikin 100 na siginonin da aka naɗa a matsayin hayaniyar ɗan'adam, sai ragowar da ta gagare su a nuna wa mutane a matsayin hotuna. Ɗan sa-kai zai ga hoto mai ɗauke da layi, tsaye ko a karkace, ɗaya ko da yawa, ya faɗi rukunin da ya fi kama da shi, kuma da waɗannan amsoshi ake horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ƙara ƙwarewa wajen gane hayaniya. Ana iya yin aikin a waya, data kaɗan yake ci, kuma minti goma a rana ma gudummawa ce. Illarsa a fili take: aiki ne mai maimaituwa, umarninsa da Turanci yake, wani lokaci shirye-shiryen dandalin kan tsaya idan bayanan da aka ɗora sun ƙare, kuma mutum zai iya rarrabe dubban hotuna ba tare da ya fahimci abin da layin ke nufi ba idan bai tilasta wa kansa karatu ba.

Duk da haka bai kamata a raina idon ɗan sa-kai ba. 'Yan sa-kan shirin Planet Hunters ne, suna duba hasken taurarin da kumbon Kepler ya auna, suka lura da tauraron KIC 8462852, wanda haskensa ke raguwa ba bisa wani tsari ba, wani lokaci har da kashi 22 cikin 100, alhali duniya mai girman Jupiter kashi 1 kawai take ragewa idan ta gifta gaban tauraro irin rana. Manhajar da aka rubuta don neman giftawa mai tsari ba ta da dalilin tsayawa a kansa. Mutane ne suka ce wannan baƙon abu ne. Bayan Tabetha Boyajian ta wallafa binciken a 2015, an yi ta muhawara ko wani katafaren gini ne ke kare hasken, har sai da ma'aunin 2018 ya nuna cewa wasu launukan hasken sun fi wasu raguwa, abin da ƙura ke haddasawa, ba daskararren abu ba. Amsar ba ta zama wadda masu zumuɗi suka so ba, amma ta nuna cewa mutum da ke zaune a ɗakinsa zai iya ɗaga tambayar da za ta juya manyan na'urorin duniya zuwa wuri guda. Shirin Planet Hunters yana ci gaba da aiki da bayanan kumbon TESS da aka harba a 2018.

Mataki na sama a wannan hanya shi ne ɗanyen bayanan shirin Breakthrough Listen, wanda attajirin nan Yuri Milner ya ƙaddamar a Landan a watan Yulin 2015 da alkawarin dala miliyan 100 na shekara goma, Stephen Hawking na zaune a gefensa. Shirin yana amfani da Green Bank da Parkes, daga baya kuma ya haɗa da MeerKAT na Afirka ta Kudu mai faranti 64, kuma ya buɗe ɗimbin bayanansa ga kowa, tare da manhajojin karanta su irin su blimpy da turboSETI. A nan ne mutum ke koyon dabaru biyu da dukan fagen ya dogara a kansu. Ta farko ita ce a kalli tauraro na minti biyar, a kauce zuwa wani wuri na minti biyar, a sake dawowa, har sau uku; siginar da ta bayyana a kowane ɓangare ta nan gida ce. Ta biyu ita ce zamewar zango: kamar yadda amon jiniyar motar asibiti ke sauyawa idan ta wuce mutum, haka juyawar duniya ke sa siginar da ta taso daga nesa ta riƙa zamewa a hankali, alhali na'urar da ke kafe a ƙasa tare da farantin layinta a miƙe yake. Darasin farko da ake bai wa masu koyo shi ne su nemo siginar kumbon Voyager 1, wanda ya yi nisa ƙwarai da duniya, a cikin wani ƙaramin fayil da aka naɗa a Green Bank, kuma samun wannan layin mai karkata, daga na'urar da ƙarfinta bai wuce wat 23 ba, ya fi karatun babi guda fa'ida.

Wannan mataki yana buƙatar sanin Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da haƙuri, kuma fayil guda na iya kai gigabait da dama, abin da zai cinye datar wata guda a zama ɗaya. Mafita ita ce a yi aikin a kan kwamfutar nesa ta kyauta irin ta Google Colab, inda fayil ɗin ke sauka can, sakamakon kawai ke zuwa wa mutum. Ladan wahalar kuwa babba ne. Peter Ma, wanda ya fara wannan aiki tun yana sakandare, ya wallafa bincike a 2023 yana ɗalibin digirin farko a Jami'ar Toronto, inda manhajarsa ta sake duba bayanan taurari 820 ta fito da sigina 8 da tsohuwar hanya ta tsallake. Ba a sake ganinsu ba da aka koma dubawa, amma dabarar ta shiga cikin kayan aikin masana.

Akwai masu cewa a maye gurbin SETI@home da wani shiri na BOINC, manhajar da ke rarraba aikin bincike ga kwamfutocin 'yan sa-kai, misali Einstein@Home, wanda kwamfutocin 'yan sa-kansa suka gano sabon tauraro mai bugawa, irin wanda Jocelyn Bell ta gani, a 2010. Shiri ne mai daraja, sai dai ba halittu masu hankali yake nema ba, kuma barin kwamfuta tana aiki da cikakken ƙarfinta dare da rana ba shawara ba ce ga wanda ke lissafin man janareta ko cajin batirin sola.

Farantin tsakar gida

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan zuciya, kuma tana da asali mai kyau, domin mai sha'awa ne ya raini nazarin sama da rediyo lokacin da jami'o'i ba su kula shi ba. A 1937 Grote Reber, injiniyan rediyo, ya ƙera faranti mai faɗin kimanin mita 9 a bayan gidansu a Wheaton ta jihar Illinois, kuma da shi ya zana taswirar farko ta sama a zangon rediyo. Abin da ya ci masa shekaru da dukiya, yau ana haɗa mai kama da shi da kimanin dala 200. Zuciyar kayan wata 'yar na'ura ce mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR, wadda asalinta don kallon talabijin a kwamfuta aka ƙera ta, sai aka gano tana iya kama zango daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700, kuma kuɗinta bai wuce dala 30 zuwa 40 ba. Sai ƙaramar amfilifaya mai ƙarancin hayaniya wadda aka haɗa da matatar megahaz 1420, sai kebul, sai eriya, sai kwamfuta ko da tsohuwa ce, da manhaja ta kyauta.

A wajen eriya ake yawan yin asara. Ƙaramin dish na kallon tashoshi mai santimita 60 ya yi kaɗan ga zango mai tsawon santimita 21, kuma kan da ke gabansa, wato LNB, an yi shi ne don gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ba ya jin haidurojin ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne faranti daga mita ɗaya zuwa sama, kuma manyan nan na mita 1.8 zuwa 3 da aka daina amfani da su a gidaje da otal-otal sun fi dacewa, muddin aka cire kan aka sa gwangwani mai faɗin kimanin santimita 15 da 'yar sandar tagulla ta kimanin santimita 5 a ciki. Wanda bai sami faranti ba yana iya sa mai walda ya haɗa masa eriya mai siffar mazurari da kwanon ƙarfe, irin siffar da Harold Ewen da Edward Purcell suka yi amfani da ita a Harvard a 1951 lokacin da suka fara jin wannan amo. Ƙa'ida guda da ba a karyawa ita ce a manna amfilifayar a jikin eriyar kanta, kafin kebul, domin duk abin da kebul ya cinye kafin a ƙara masa ƙarfi ya tafi ke nan.

Me mutum zai gani? Idan ya tara ma'auni na 'yan mintuna yana fuskantar tsirin taurarin Milky Way, zai ga ɗan tudu ya taso a kan zanen, daidai megahaz 1420.4 ko kusa da shi. Wannan tudun haidurojin ne na gungun taurarinmu. Idan ya sauya fuska zai ga tudun ya gusa ko ya rabu biyu, domin gizagizan da ke nufo mu ko suke nisantar mu da gudun kilomita 100 a daƙiƙa suna gusar da amon da kusan rabin megahaz, kuma daga wannan ake lissafa juyawar gungun da hannuwansa. Ba ya ma buƙatar injin juya faranti: ya kafe shi kawai, duniya ta juya da shi digiri 15 a kowace awa, sama ta wuce ta gabansa. Ga mazaunin Kano ko Zariya ko Maraɗi akwai fa'idodi biyu na gaske. Tsakiyar Milky Way tana hawa kusan digiri 49 a saman kudu idan aka duba daga Kano, alhali a arewacin Turai da ƙyar take ɗagowa daga ƙasa. Sannan wannan zango yana ratsa gajimaren damina da hazon hunturu, kuma bai damu da dare ko rana ba.

Yanzu sai maganar da masu tallar kayan ba su cika faɗa ba. Farantin Green Bank ya ninka na mita ɗaya sau 100 a faɗi, wato sau 10,000 a fili, kuma ko da a ce kayan lantarkinsu ɗaya ne, siginar da yake ji daga wani nisa sai ta matso sau 100 kafin ƙaramin ya ji ta. Idan aka lissafa faɗin sararin da kowanne ke iya saurara a fuskar da ya kalla, da kuma cewa na'urorin Green Bank a sanyaye suke ƙwarai kuma suna naɗar dubban megahaz a lokaci guda alhali RTL-SDR megahaz biyu da ɗan ɗoriya take gani, za a fahimci cewa farantin tsakar gida ba abokin takarar manyan ba ne. Wanda ya haɗa shi da niyyar jin wata al'umma ya kamata ya san cewa damarsa ta yi kusa da babu.

Akwai hujja guda da ke kare ƙananan faranti, kuma ba ta banza ba ce. Babban faranti ɗan tsukin wuri yake kallo. A wannan zango idon Green Bank bai kai sulusin faɗin wata ba, alhali farantin mita ɗaya yana ganin kusan digiri 15. Idan sigina mai ƙarfi ta zo ta wuce cikin ɗan lokaci daga inda babu wanda ke kallo, masu faffaɗan ido ne kaɗai za su kama ta. Misalin da ake kafa hujja da shi shi ne siginar ranar 15 ga Agusta, 1977, wadda na'urar Big Ear ta Jami'ar Jihar Ohio ta naɗa daga sashen rukunin taurarin Sagittarius tsawon daƙiƙa 72, kusa da zangon haidurojin, kuma Jerry Ehman, wanda aikin sa-kai yake yi a lokacin, ya gan ta a takardar da kwamfuta ta buga ya rubuta “Wow!” a gefe. An koma wurin sau da dama ba a sake jin ta ba. A kan wannan tunani ƙungiyar SETI League ta ƙaddamar da shirin Argus a 1996, da burin tara tashoshin 'yan sa-kai 5,000 masu faranti na mita 3 zuwa 5 don su rufe sama gaba ɗaya. Tashoshin ba su kai 200 ba. A baya-bayan nan Abel Méndez na Jami'ar Puerto Rico ya farfaɗo da ra'ayin da shirin Wow@Home, wanda aka gina a kan irin waɗannan kaya masu araha. Darasin Argus shi ne hujjar tana tsayawa ne idan tashoshin na da yawa kuma suna aiki ba yankewa, ba faranti guda da ake kunnawa ranar Asabar ba.

To mene ne amfanin farantin, in ba zai ji baƙi ba? Amfaninsa shi ne babu malamin hayaniya kamarsa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta hana watsa komai tsakanin megahaz 1400 da 1427, amma duk da haka mai faranti zai tarar da allonsa cike da layuka: daga inbatar sola, daga cajar waya mai araha, daga ƙwan lantarki, daga kwamfutar da yake aikin da ita, da kuma turken sadarwa na unguwa wanda ƙarfinsa ke toshe kunnen na'urar in babu matata. Zai koyi kashe abu ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai laifi, zai koyi kaucewa da dawowa, zai koyi rubuta lokaci da fuska a kan kowane ma'auni. Kuma akwai siginar fasaha ta gaske daga sama da masu sha'awa ke kamawa, ko da yake tamu ce. A watan Janairun 2018 Scott Tilley, wani mai sha'awa a Kanada, ya ji muryar IMAGE, tauraron ɗan'adam na hukumar NASA, wanda aka ɗauka ya mutu tun 2005. A 2006 masu sha'awar rediyo a Bochum ta Jamus sun kama Voyager 1 da faranti mai mita 20. Ko mayar da tsohon faranti zuwa sabon aiki ba baƙon abu ba ne a yankinmu, domin a 2017 Ghana ta ƙaddamar da tsohon farantin sadarwa na Kuntunse mai mita 32 a matsayin na'urar nazarin sama.

Madubin hangen nesa

Wannan hanya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ba saurare ba ce, neman wuraren da rayuwa za ta iya kasancewa ne. Tun da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar da ke kewaya tauraron 51 Pegasi a 1995, adadin irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar ya haura 5,000 a 2022, kuma masu sha'awa na taimakawa ta hanyar auna lokacin da sananniyar duniya ke gifta gaban tauraronta, domin manyan na'urori irin madubin James Webb da ke sararin samaniya kada su ɓata sa'o'i suna jira. Shirin Exoplanet Watch na NASA yana karɓar irin wannan ma'auni, haka ma haɗin gwiwar kamfanin Unistellar da Cibiyar SETI. Sai dai aikin yana buƙatar madubi, da ƙafa mai bin tauraro da kanta, da kyamara, da sama tangaran na sa'o'i da dama a jere domin a auna raguwar haske ta kashi 1 ko 2 cikin 100. Madubin Unistellar ya haura dala 2,000. A ƙasar Hausa damina na ɗauke watanni da gajimare, hunturu ya ɗauke wasu da ƙura, don haka dararen da suka dace ba su da yawa. Abin lura kuma shi ne Exoplanet Watch yana ba wanda ba shi da madubi bayanan da na'urorin nesa suka ɗauka ya sarrafa da manhajar EXOTIC, wanda ke nufin mafi amfanin ɓangaren wannan hanya ya koma cikin hanya ta farko.

A ganina, wanda burinsa shi ne hannunsa ya taɓa neman na gaske, inda in an dace za a iya samun wani abu, to bayanan manyan cibiyoyi ne wurinsa, kuma abin mamaki ita ce hanya mafi araha. Ɗalibi mai waya kawai ya fara da Zooniverse, amma ya ɗaura wa kansa sharaɗin fahimtar dalilin karkatar kowane layi; mai laftof da ɗan sanin Python ya wuce kai tsaye zuwa fayil ɗin Voyager. Mai gyaran rediyo da talabijin, ko mai sana'ar kafa dish, ya riga ya mallaki rabin ilimin hanya ta biyu, domin ya san saiti da kebul da asarar sigina, kuma shi zan fi ba shawarar faranti, muddin ya karɓe shi a matsayin makaranta. Malamin kimiyya da ke neman abin da zai nuna wa ɗalibai da rana tsaka, a harabar makaranta, shi ma faranti ya fi masa madubi nesa ba kusa ba. Madubin kuwa a bar wa ƙungiya ko sashen jami'a da za su raba kuɗinsa da dararensa, ko ga wanda dama kallon wata da zoben Saturn ne ke gabansa, wanda sha'awa ce mai kyau amma daban.

Ga wanda zai haɗa faranti, shawara mafi amfani ita ce kada ya yi shi kaɗai. Ƙa'idojin sanar da gano sigina da Cibiyar Nazarin Zirga-zirgar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ta tsara a 1989, aka sabunta a 2010, sun ɗora tabbatarwa daga wata tasha mai zaman kanta a gaban kowace sanarwa. Faranti biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Damagaram misali, masu kallon fuska guda da agogo guda, za su zubar da duk hayaniyar unguwa a take, domin inbatar maƙwabci ba ta kai wa ɗaya garin. Abin da ya bayyana a duka biyun sai a fara duba shi a jadawalin taurarin ɗan'adam da ke wucewa a wannan lokaci, a adana ɗanyen fayil ɗin ba tare da an taɓa shi ba, sannan a tura wa masu babban faranti su duba.